Ku Tambaya, Mu Amsa: Nawa ƙasa ke haifarwa, nawa za a iya ɗiba?

Wasiƙun wannan wata kusan duk kan abu guda suka taru: hakin da damana ta bari, da karan da ke kwance a gonaki, da ko za su kai bisashe ga ruwan baɗi. Malaman gona da na kiwo da ke amsa tambayoyi a wannan fili sun zaɓi guda shida. Duk inda muka ce eka, fili ne mai mita 100 tsawo da mita 100 faɗi. Duk nauyin da muka ambata kuma na busasshen abu ne, sai in mun ce ɗanye.

Assalamu alaikum, malamai. Ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare. Ɗalibaina suna haɗa abu biyu wuri guda: nauyin tsiron da ke tsaye a fili, da abin da filin ke samarwa a shekara. Ta yaya zan raba musu su? Malamin makaranta, Yamai.

Wa alaikumus salam, Mushe. Ka kai su ga maganar kasuwa, wadda ko yaro ya sani: uwar kuɗi daban, riba daban. Abin da ke tsaye a fili yau, itace da ganye da saiwa, shi ne uwar kuɗi, ana auna shi da kilo a kan eka. Abin da ya ƙaru daga damana zuwa damana shi ne riba, ana auna shi da kilo a kan eka a shekara. Kalmar "a shekara" ita ce ta raba su.

Tsohon gawo yana da itace mai nauyin gaske, amma abin da yake ƙarawa a shekara ɗan kaɗan ne in an gwada da girmansa. Filin ƙarangiya kuwa a watan Mayu ba komai a kansa sai rairayi da ƴaƴan da suka zube, amma zuwa ƙarshen Satumba ya tara kusan tan guda a eka. A irin wannan fili, abin da ke tsaye a ƙarshen damana kusan shi ne duk abin da shekarar ta haifar a saman ƙasa, shi ya sa a wannan lokacin ake awo. Kurmin ƙasashen da ruwa ba ya yankewa yana ɗauke da tan ɗaruruwa a eka, yana ƙara wajen tan 20 a shekara. Burgun bakin kogin Kwara, da yake ƙafarsa cikin ruwa take, yana iya haura tan 10 a eka.

Su kuma san inda nauyin ke fitowa. Ganye yana jawo iskar kabon daga sarari, saiwa ta kawo ruwa, hasken rana ya haɗa su su zama sukari. Kusan rabin wannan sukari tsiron da kansa yake ƙone shi wajen numfashi, dare da rana; ragowar ce ke zama kara da ganye da saiwa da tsaba. Daga nan duk wanda ya ci, kaɗan yake riƙewa. Ƙa'idar da ke cikin littattafai ita ce wajen kashi 10 cikin 100 ne ke hayewa daga mataki zuwa na gaba, kuma a kiwon daji abin bai ma kai haka ba: saniya mai kilo 250 tana cin fiye da tan biyu a shekara, amma nauyin da take ƙarawa gomman kilo ne kawai. Sauran ya tafi a numfashi, da tafiya zuwa rijiya, da nono, da kashi.

In kana son lissafin da zai tayar da su daga gyangyaɗi, ka ba su wannan. Ruwan sama milimita 350 a kan eka guda lita miliyan uku da rabi ne. Hatsi da ciyayin daji suna buƙatar wajen lita 300 su ratsa jikinsu kafin su yi kilo guda. Da a ce duk ruwan nan ta cikin tsiro ya bi, da eka ta ba da fiye da tan 11. Abin da ake gani a zahiri wajen tan guda ne. Ka tambaye su ina sauran ruwan ya tafi. Amsar ita ce ya gudu bisa fako, ko rana ta shanye shi daga fuskar ƙasa, ko ya nutse ya wuce saiwa saboda tsiron ba shi da abincin da zai yi ganyen da zai ja shi.

Ni ne magatakardan wata ƙungiyar makiyaya. Kullum muna jin ma'aikata suna cewa bana akwai giɓin cimakar bisashe, ko akwai rara. Za mu iya auna makiyayarmu da kanmu, mu san bisashe nawa za ta ɗauka? Mai kiwo, Abalak.

Za ku iya, Malam, kuma kayan aikin ba su da yawa: sanduna huɗu masu tsawon mita ɗaya-ɗaya da za a ɗaure su zama murabba'i, da lauje ko almakashi, da ƙaramin sikeli mai nuna giram, da buhunan yadi ko na takarda. Kada a sa leda, haki yana gumi a ciki ya ruɓe.

Lokacin awo shi ne ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, sa'ad da haki ya gama girma, tsabarsa ba ta gama zuba ba. Ku miƙe layi na kilomita guda a cikin makiyaya. Bayan kowane taki hamsin a ajiye murabba'in daidai inda ƙafa ta tsaya, a yanke duk abin da ke ciki dab da ƙasa, a auna, a rubuta. Nan ne mafi yawan masu awo ke ɓata aiki: ido yana son wuri mai duhun haki, hannu kuma ya bi ido. In murabba'in ya faɗa kan fako, a rubuta sifiri, domin fakon ma cikin makiyayar yake. Awo 20 zuwa 30 a layi ya isa. In wurin yana da jigawa da kwari da tudun dutse, kowanne a yi masa nasa layi, sannan a ƙiyasta faɗin kowanne. Haɗa su a layi ɗaya yana ba da lissafin ƙarya.

Daga abin da aka yanka sai a cakuɗa, a ɗebi giram 500 a shanya a inda iska ke ratsawa, ana aunawa kullum har nauyin ya daina raguwa. A ce ya tsaya a giram 200, ke nan kashi 40 cikin 100 ne busasshe. In matsakaicin ɗanyen da kuka samu a murabba'i giram 225 ne, busasshensa giram 90 ne. A ninka sau goma, ya zama kilo a eka: kilo 900.

Ba duka 900 ɗin ne za su shiga cikin bisa ba. Kashi ɗaya cikin uku ake lissafawa, wato kilo 300. Sauran gara za ta ci, ƙafa ta tattake, iska ta kwashe, kuma dole wani abu ya rage ya rufe ƙasa ya riƙe iri. Wanda ya lissafa da rabi ko fiye, a watan Afrilu zai ga kuskurensa.

Sai ɓangaren baki. Ma'aikatan kiwo suna mayar da kowace bisa zuwa ma'auni guda, wato bisa mai kilo 250 wadda ke cin kilo 6 da kwata a yini. Rani ana lissafa shi wata tara, kwana 270, ke nan ma'auni guda yana son wajen kilo 1,700. Raƙumi da doki ma'auni ɗaya-ɗaya ne, saniya 0.8 in an haɗa manya da ƙanana, jaki rabi, tunkiya ko akuya 0.15. Garken da ke da shanu 40, da ƙananan bisashe 60, da raƙuma 5, da jakuna 4 ya zama ma'auni 48. Cimakarsa ta rani ta haura tan 81. A makiyayar da ke ba da kilo 300 na ci a eka, wannan garke guda yana son eka 270 da ɗoriya, kusan eka shida ga kowane ma'auni.

In ba a samu damar awo ba, akwai ƙiyasi na gaggawa da masana suka fitar a 1977 daga awon makiyayu da yawa: a Sahel, kowane milimita na ruwan sama yana ba da wajen kilo biyu da rabi na haki a eka, wanda kilo ɗaya ne abin ci. Milimita 300 ke nan kilo 750. Amma ƙiyasi ne na shekaru da yawa a haɗe. Damana biyu masu ruwa daidai da juna suna iya bambanta ƙwarai: in ruwan fari ya sauka, iri ya tsiro, sannan aka yi sati uku ba ɗigo, tsiron farko ya mutu, abin da zai biyo baya ƙananan ciyayi ne masu saurin nuna, marasa nauyi.

Hoton tauraron ɗan Adam da cibiyar AGRHYMET ta Yamai da ma'aikatar kiwo ke aiki da shi yana ganin kore ne, ba ya ɗanɗana. Filin da garmani ya mamaye zai fito kore shar a hoto, alhali bisa ba ta kula shi in tana da zaɓi. Don haka a takardarku ku raba abin da ake ci da wanda ba a ci, kada ku haɗa nauyinsu. Ku kuma cire wuraren da suka yi nisa da rijiya fiye da yadda shanu ke iya zuwa su dawo. Hakin da ba a kai gare shi ba, ba ya cikin lissafi. Gobara kuwa tana shafe lissafin gaba ɗaya a dare guda, saboda haka hanyar tare wuta mai faɗin mita 15 zuwa 20, a gicciye da iskar gabas, a share ta kafin haki ya gama bushewa.

Na daɗe ina mamakin wani abu. A kudu haki yana kai ƙirjin mutum, a Azawak da ƙyar yake rufe idon sawu. Amma shanun da suka yi damana a arewa su ne ke dawowa da ƙiba da sheƙi. Mene ne sirrin? Dillalin shanu, Birnin Ƙonni.

Alhaji, abin da idonku ya gani a kasuwa shi ne masana suka tabbatar da awo. Wani babban bincike da masanan Mali da na Holan suka yi a makiyayun Mali, wanda sakamakonsa ya fito a 1982, ya nuna cewa Sahel iri biyu ce. Inda ruwan shekara bai kai milimita 250 zuwa 300 ba, ruwa ne ke tsayar da girman haki. Inda ya haura haka, ruwan yana isa, abincin ƙasa ne ke ƙarewa, musamman azot da fosfor. Da suka zuba taki a filayen gwaji na kudu, haki ya ninka sau da dama da ruwan nan dai da aka saba samu.

Ga yadda abin yake shafar tozon sa. Tsiro yana kwasar mafi yawan azot ɗinsa tun yana ƙarami. A kudu, da yake ruwa na ci gaba da sauka, sai ya yi ta tsawo yana raba ɗan azot ɗin nan cikin kara mai yawa, har furotin ɗinsa ya sauka zuwa kashi 3 ko 4 cikin 100. A arewa ruwa ke yankewa tun azot bai tsinke ba, hakin ya tsaya gajere, furotin ɗinsa yana iya haura kashi 10. Tumbin saniya kuwa yana son aƙalla kashi 7 kafin ƙwayoyin halittar da ke narka haki a cikinsa su yi aiki sosai. Ƙasa da haka, abincin yana daɗewa a tumbi, bisa ta rage ci, ta rame tana tsaye cikin haki.

Saboda haka hawan da makiyaya ke yi arewa da damana, har zuwa ƙasar gishiri ta Ingal inda ake taruwa a watan Satumba, ba gudun gonaki kaɗai ba ne. Bin abinci mai kyau ne a lokacin da yake da kyau. Da kaka kuma su gangaro ga kara da harawa da ruwan kudu. Dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, da dokar kiwo ta 2010 da ta amince da yawon kiwo a matsayin haƙƙi, a kan wannan gaskiyar suke zaune. A ganinmu duk gonar da aka share a bayan wannan iyaka hasara biyu ce: hatsin ba ya yin kirki, makiyaya mafi daraja kuma ta tafi. Toshe burtali ma haka.

Bayan girbi masu amalanke suna zuwa sayen kara, kuɗin kuma yana da amfani. Amma gonata tana ta komawa fako ta gefen tudu. In sayar, ko in bari? Manomi, Badagishiri.

Baba, ku fara da sanin abin da gonar ta haifar. Hatsin gargajiya tsabarsa wajen kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar ce ta duk abin da ya tsiro a sama. Eka da ta ba ku kilo 400 zuwa 500 na tsaba ta bar kara da ganye wajen tan ɗaya da rabi. Wato mafi yawan aikin damana a cikin karan yake. In tsaba ta tafi rumbu, kara ya hau amalanke, tushiya kuma aka tuge ta don girki, ƙasa ta ba da komai ba a mayar mata da komai ba. Mafi yawan sinadarin fotas da hatsi ya ja ma a cikin kara yake zama.

A tashar bincike ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, tun shekarun 1980 ake gwada barin kara a gona. Abin da aka gani shi ne tan biyu a eka, a shimfiɗe, yana rage rairayin da iska ke kwasa sosai, yana tare ƙurar hunturu mai ɗauke da abinci, yana sanyaya fuskar ƙasa, yana kuma kare ƙaramin hatsi daga bulalar rairayi ta farkon damana. Kilo 500 a warwatse a eka kuwa bai yi wani abin a zo a gani ba wajen tare iska. Matsalar a fili take: gonar da ta gaji ba ta ma haifar tan biyun.

Shawararmu ita ce kada ku warwatsa ɗan abin da kuke da shi ko'ina. Ganye da kan kara masu laushi ku ɗaure wa bisashenku. Kaurin kara, wanda bisa ba ta ci sosai, ku kwantar da shi a kan fakon kaɗai, da kauri, a gicciye da iska, ku danne da rassan sabara ko duwatsu. Gara za ta zo ta huda ɓawon ƙasar daga ƙasa, ramukanta su zama hanyar ruwa. Ku sare karan ku kwantar da shi tun da wuri, kada ku bar shi tsaye ko a jingine cikin inuwa, domin tsutsar kara a ciki take yin rani. Zafin ƙasa yana kashe da yawa daga cikinta in karan na kwance a rana. In za a sayar, a sayar da na fadama inda ƙasa ke da ƙarfi.

Inda fakon ya riga ya yi tauri, tassa ce maganinsa, wato ƙananan ramukan shuka masu tare ruwa da taki, kuma ku mutanen gundumar Illela ba baƙinta ba ne, tun ƙarshen shekarun 1980 da manoman nan suka gano yadda ake kyautata ta a Yatenga ta Burkina Faso. Abin da ke lalata ta yanzu gaggawa ce. Rami ya yi faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, tsakanin rami da rami wajen mita guda, layi na biyu ya faɗa tsakanin ramukan na farko don ruwan da ya kuɓuce wa wannan ya faɗa wancan. Ƙasar da aka haƙo a tara ta ta gefen gangare. In aka zuba ta ta sama, ta tare ruwan da ake nema. A haƙa da rani, a zuba taki ruɓaɓɓe cikin tafi biyu, wajen giram 300, tun kafin ruwa. Ramuka dubu goma a eka ke nan tan uku na taki. Ɗanyen kashi da aka zuba ranar shuka yana ƙone tsiro. Kada a yi tassa a jigawa, rairayi zai cike ta kafin ruwan fari, kuma a laka mai riƙe ruwa hatsi yana nutsewa a shekarar ruwa da yawa. Nan dawa ta fi.

Tun da fosfor ne ya fi ƙaranci a ƙasarmu, ɗan takin zamani a gindi yana yin aikin da ya fi girmansa: giram 6 na 15-15-15, cikin marfin kwalbar lemo, ko giram 2 na DAP a kowane rami, a gefe kaɗan ba a kan iri ba. Kilo 60 ke nan a eka, ko kilo 20. Karan ma yana ƙaruwa tare da tsabar, sai a samu na bisa da na ƙasa. Amma in aka yi ta sa wannan ɗan taki shekara da shekaru ana kwashe kara duka ba takin gida, ƙasar ƙara tatsuwa take yi.

Sai itatuwa. Duk kututturen kalgo, sabara ko gawo da ya tofo, a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sare sauran. Wannan sassaben zamani, da ya fara yaɗuwa daga Maradi a shekarun 1980, ya mayar da itatuwa a kan eka wajen miliyan biyar a ƙasar nan. Gawo ya fi kowa dacewa da gona, domin da damana yake zubar da ganye, bai hana hatsi rana ba, da rani kuma ya ba da inuwa da ƴaƴa masu furotin.

Ina kiwon raguna uku a gida don Layya. Ina sayen haki kullum, suna ci, amma ba sa ƙiba. Ko asiri aka yi musu? Uwargida, Yamai.

Hajiya, ba asiri ba ne, hakin ne ya mutu. Wanda ake kawowa birni a bayan jaki da bazara ya yi wata shida ko bakwai a rana, ganyensa da tsabarsa sun zube, saura tsinke. Cika ciki yake yi kawai.

Rago mai kilo 35 zuwa 40 yana cin wajen kilo ɗaya da ɗan ɗori a yini. Ki raba shi haka: rabi haki, kwata harawar wake ko ta gyaɗa, kwata dusa, da gishirin lasa da ruwa mai tsabta kullum. Kafin komai ki sa ma'aikacin kiwo ya ba su maganin tsutsar ciki, in ba haka ba tsutsa kike kiwatawa.

Ana iya farfaɗo da hakin da farin takin ure. Ga kilo 100 na haki ko sararren kara, a narkar da kilo 5 na ure cikin lita 50 na ruwa. A shimfiɗa hakin hawa-hawa cikin rami ko ɗaki, kowane hawa a yayyafa masa a tattake, sannan a rufe ruf da leda, a danne bakin da ƙasa. Bayan sati uku a buɗe. Mai kyau yana yin ja-ja, yana laushi, yana da wari mai hawa hanci. In ya yi baƙi da funfuna, iska ta shiga, a zubar. A ɗebi na gobe a baza shi ya sha iska tun yau, a fara da kaɗan har sati guda. Abin kiyayewa: ure guba ne in bisa ta lashe shi tsagwaronsa ko ta sha ruwansa, kuma wannan haki ba na jaki ba ne, ba na doki ba, ba na ɗan da bai bar nono ba.

Baɗi, in da hali, ki sayi naki a watan Satumba: kyasuwa, burburwa ko gadagi da aka yanka suna fure, aka shanya kwana biyu ko uku, aka ajiye a rumfa sama da ƙasa. Ki guji wanda aka kwaso da manjagara. Rairayi ne rabinsa, kuma inda aka kwaso shi an tafi da irin baɗi.

A kan tuddan dutse da ke kewaye da Yamai daji yana tafiya layi-layi, tsakanin layukan kuma fili ne fetal. Ƙungiyarmu ta dasa itatuwa a filin don a cike giɓin, duk suka mutu. Me muka yi ba daidai ba? Ɗan ƙungiyar matasa, Yamai.

Ɗan'uwa, filin da kuka ɗauka giɓi ne, shi ke shayar da dajin. Waɗannan tudda suna da gangare kaɗan ƙwarai, bai kai mita guda a cikin mita 100 ba, ƙasarsu kuma ba zurfi. Fetal ɗin yana da ɓawo mai tauri, ruwan da ya sauka a kansa mafi yawansa gangarawa yake ya tsaya a layin geza da sabara na ƙasa da shi, inda ganye da ramukan gara ke shanye shi. Ta haka layin yake samun ruwan da ya fi abin da sama ta zubo masa nesa ba kusa ba, har ya riƙe itatuwan da ruwan Yamai, wajen milimita 550, ba zai iya riƙewa ba in da a warwatse suke. Itacen da kuka dasa a fetal ya zauna a inda ruwa ba ya shiga ƙasa. Da ma kun yi nasarar tare ruwan da kunya ko rabin wata, wato ramin tare ruwa mai siffar rabin wata, layin da ke ƙasa ne zai fara bushewa.

Rabin wata aikinsa daban: fakon gangare da ya lalace wanda ba daji a ƙasansa. Faɗinsa mita 4, wajen 313 a eka, bakinsa yana kallon inda ruwa ke fitowa.

A dajin mai layi, aikin da ke da amfani shi ne kula da sara. A sari abin da bai wuce ƙaruwar shekara ba, a raba dajin kashi-kashi ana zagayawa, kamar yadda tsarin kasuwannin itace na karkara na 1992 ya tanada. Geza da sabara suna tofowa daga kututture in an sare su da kaifin gatari kusa da ƙasa, ba a tuge ba, ba a ƙone ba. A bar gefen layin na sama, inda ciyawa da ƙananan tsiro ke fitowa, kada a taɓa shi, domin ta nan dajin ke sabunta kansa. Ƙananan rassan da suka rage bayan an ɗaure itace a shimfiɗa su a wannan gefen, su tare iri da ƙasa, kuma a hana awaki shiga yankin da aka sara har tohon ya fi ƙarfin bakinsu.